Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai: Nasiha ga Matasa Kan Kolestarol Mai Kyau

Ƙannena maza da mata, da yawanku za ku fara cin karo da maganar kolestarol ne ranar da aka ce ku kawo takardar shaidar lafiya don neman aiki ko tafiya karatu, ko ranar da kuka raka Baba ko Inna asibiti aka miƙo muku sakamakon gwajin jini saboda ku ne 'yan bokon gidan. Takardar takan zo da layi huɗu: jimillar kolestarol, sai LDL, sai HDL, sai wani nau'in maiƙo da ake kira tiragilisarayid. Abin da kusan kowa ya haddace shi ne LDL mugu ne, HDL kuwa na kirki ne, don haka da an ga lambar HDL ta yi sama sai a yi hamdala, a ninke takarda a cusa a aljihu. Nasihata gare ku ita ce kada wannan lamba ta sa ku saki jiki, kada kuma ku ɓarnatar da kuɗinku wajen neman ɗaga ta. Binciken shekaru ashirin ɗin nan ya nuna cewa yawan HDL a jini daban, aikin da yake yi daban, takardar asibiti kuwa yawan kaɗai take faɗa.

Kolestarol dai ba guba ba ne. Da shi jiki ke gina bangon kowace ƙwayar halitta, da shi ake haɗa sinadaran balaga na maza da mata, da ruwan matsarmama mai narkar da maiƙo a hanji, kuma mafi yawansa jiki ne ke haɗa abinsa, musamman hanta, ba daga kwanon tuwo yake fitowa ba. Amma maiƙo ne, jini kuwa ruwa, ba sa cuɗanya, don haka sai an ƙunshe shi a cikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙunshi na furotin kafin jini ya iya ɗaukarsa. LDL ne ƙunshin da ke rarraba shi ga sassan jiki. Idan ya yi yawa yakan kutsa ƙarƙashin shimfiɗar cikin jijiyar jini ya maƙale, sai ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye datti su taru su yi ta haɗiyarsa har su cika su kumbura, su mutu a wurin. Shekara da shekaru wani tudun maiƙo na tasowa a bangon jijiya ba tare da mutum ya ji ko ƙaiƙayi ba. Ranar da fatar tudun ta tsage, jini ya daskare a kai ya toshe hanya, ranar ce ake cewa wane ya yanke jiki ya faɗi, bugun zuciya ne. HDL kuwa hanyarsa ta komowa ce. A 1968 wani masani Ba'amurke, John Glomset, ya bayyana cewa akwai hanyar da ake kwaso rarar kolestarol daga sassan jiki a mayar da shi hanta. Hanta da hanji ke fitar da furotin ɗin da ake gina HDL a kai, ya fito fayau ba kaya, ya je jikin waɗannan ƙwayoyi da suka kumbura, ya karɓi maiƙo ta wata kafa a bangonsu, ya cika ya zama dunƙule, ya kai hanta ta wata kafar dabam, hanta ta zuba shi a matsarmama, ya bi bayan gida ya fita. A taƙaice motar kwashe shara ce. Lambar da ɗakin gwaji ke rubuta muku kuwa nauyin sharar da aka samu a cikin motocin ne a daidai lokacin da aka ɗebi jini. Ba ta faɗi sawu nawa suke yi a rana ba, ba ta faɗi ko daga lungun da ya dace suka kwaso ba, ba ta kuma faɗi ko suna samun wurin juyewa ba.

Likitocin da suka yarda da wannan lamba ba da ka suka yi ba. A 1948 aka fara bin lafiyar mutum 5,209 a garin Framingham na Amurka, ana gwada su lokaci zuwa lokaci ana rubuta wanda ya kamu da ciwon zuciya da wanda ya tsira. A 1977 masu wannan bincike suka wallafa cewa masu ƙarancin HDL sun fi kamuwa, masu yawansa sun fi tsira, shekara biyu bayan wasu masana biyu a Birtaniya sun faɗi kusan haka a mujallar The Lancet. Aka maimaita a ƙasashe da dama, sakamako bai sauya ba. Daga nan aka sa iyaka cewa HDL ƙasa da miligiram 40 ga namiji, ko 50 ga mace, alamar haɗari ce. Hankali kuma ya ɗauka cewa tunda masu yawa ne ke tsira, to a nemo maganin da zai yawaita shi, an gama da ciwon zuciya ke nan.

Kamfanin Pfizer ne ya fara shiga da ƙarfinsa, da wani magani mai suna torcetrapib wanda ya kashe wa kusan dala miliyan 800. An gwada shi a kan mutum 15,067 masu haɗarin ciwon zuciya, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su ƙwayar da ba komai a cikinta. A takarda abin ya yi kyau fiye da yadda aka zata, domin HDL ya hau da kashi 72 cikin 100, LDL ya sauka da kashi 25. A watan Disamba na 2006 aka dakatar da gwajin cikin gaggawa, saboda an yi rashin mutum 93 a ɓangaren masu shan maganin, 59 a ɗaya ɓangaren. Mai kare tsohon ra'ayi zai ce, kuma da gaskiyarsa, ai wannan magani yana da wata illa tasa ta daban, an gano yana ƙara hawan jini yana kuma dagula gishirin jiki, don haka kada a ɗora wa HDL laifin wani. To amma an sake. Kamfanin Roche ya kawo nasa wanda ba shi da waccan illar sosai, aka gwada a kan mutum kusan 15,900, HDL ya hau da kimanin kashi 30 zuwa 40, bugun zuciya bai ragu ba, aka tsayar a 2012. Eli Lilly ya kawo nasa, mutum fiye da 12,000, HDL ya ninka har da ɗori, ba abin da ya ragu, aka tsayar a 2015. Na Merck ne kaɗai, wanda aka gwada a kan mutum fiye da 30,000 aka bayyana sakamakonsa a 2017, ya rage ciwon jijiyar zuciya da kashi 9 cikin 100, kuma da aka yi lissafi sai aka ga ragin ya yi daidai da abin da ake tsammani daga saukar mugun kolestarol da maganin ya jawo, ba daga hawan HDL ba. Kamfanin ma bai nemi izinin sayar da shi ba. Tsohon maganin nan niyasin, wanda aka daɗe ana rubutawa don ɗaga HDL, shi ma an gwada shi a manyan gwaje-gwaje biyu da suka fito a 2011 da 2014, na biyun da mutum fiye da 25,000, bai kare zuciya ba, sai ma ƙarin zubar jini da dagulewar suga da ya haddasa. Idan magani ɗaya ya gaza nuna amfanin ɗaga HDL a ce tsautsayi ne. Biyar kuwa, daga kamfanoni masu gasa da juna, kowanne yana kwaɗayin ribar biliyoyi, dole a koma a duba tushen zancen.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ba ta magani ba ce, ta gado ce, domin abin da mutum ya gada tun yana ciki ba ruwansa da arzikinsa ko abincinsa ko sigarin da yake sha. A 2012 wata tawagar masana ƙarƙashin Sekar Kathiresan ta duba mutanen da suka gaji wata ƙwayar gado mai sa HDL ya zauna a sama tun haihuwa ba tare da taɓa sauran nau'o'in maiƙo ba. Kimanin mutum 3 cikin 100 ne ke ɗauke da ita. Da lissafin Framingham ya kamata haɗarin bugun zuciyarsu ya ragu da kusan kashi 13, amma da aka kwatanta dubban masu bugun zuciya da dubban masu lafiya, bai ragu ko kaɗan ba. Da aka yi irin wannan lissafi da LDL kuwa, wanda ya gaji yawansa ya gaji ciwon. Shekara huɗu bayan haka, a 2016, masu bincike a jami'ar Pennsylvania ƙarƙashin Daniel Rader suka bayyana wasu mutane da kafar nan ta hanta, wadda HDL ke juye kayansa ta cikinta, ta lalace musu ta hanyar gado. HDL ɗinsu ya yi sama ƙwarai, irin lambar da likita zai gani ya ce barka, alhali haɗarin ciwon zuciyarsu ya fi na sauran jama'a. Motoci ne cike maƙil suna ta zagaye gari don an rufe juji. Akwai kuma kishiyar wannan a ƙauyen Limone da ke gaɓar tafkin Garda a arewacin Italiya, inda a 1980 Cesare Sirtori da Guido Franceschini na jami'ar Milan suka ba da labarin wani dangi mai sauyi a furotin ɗin HDL. Daga baya aka gano kusan mutum 40 a ƙauyen masu irin wannan gado. Lambarsu ƙasa take sosai, wadda a ƙa'ida ta kamata ta tayar da hankali, amma jijiyoyinsu ba su nuna toshewar da aka yi tsammani ba.

Wannan ne ya sa masana suka koma neman hanyar auna aikin kansa. Yadda ake yi yana da ban sha'awa. Ana rainon ƙwayoyin nan masu haɗiye datti a cikin 'yan faranta na ɗakin gwaji, a ciyar da su kolestarol da aka yi wa alama, ko mai ƙyalli ko mai fitar da wani haske da na'ura ke ganewa. Sai a ɗebi ruwan jinin mutum, a tace LDL da danginsa a fitar, a bar HDL, a ɗiga shi a kan ƙwayoyin, a jira kamar awa huɗu, sannan a auna nawa ne daga cikin kolestarol mai alamar ya baro ƙwayoyin ya koma cikin ruwan. Mutum biyu masu lamba ɗaya a takarda, jinin wannan ya kwaso da yawa, na wancan ɗan kaɗan. A 2011 Amit Khera da abokan aikinsa suka nuna cewa masu ƙarfin kwasowa sun fi ƙarancin kaurin bangon jijiya da toshewar jijiyar zuciya, ko da an cire tasirin lambar HDL daga lissafi. Sai a 2014 Anand Rohatgi ya kawo abin da ya fi wannan ƙarfi daga birnin Dalas na jihar Tekzas, inda aka auna mutum 2,924 da ba su da ciwon zuciya, kusan rabinsu baƙaƙen fata, aka bi su sama da shekara 9. Da aka kasa su gida huɗu bisa ƙarfin kwasowa, gidan da ya fi ƙarfi haɗarinsa ya gaza na gidan ƙarshe da kashi 67 cikin 100. Lambar HDL ta takarda kuwa, bayan an lissafa shekaru da hawan jini da suga da sigari, ba ta hango komai ba. Bayan kwasar maiƙo, lafiyayyen HDL yana rage kumburi a bangon jijiya, yana hana LDL gurɓacewa, yana taimaka wa jijiya ta saki. Duk waɗannan suna raguwa a jikin mai ciwon suga, da mai ciwon ƙoda, da mai shan taba, da mai kumburi na dogon lokaci. Masu bincike a asibitin Cleveland sun ciro furotin ɗin HDL daga cikin tudun maiƙon jijiyoyin mutane, suka tarar wani sinadarin garkuwar jiki ya gurɓata shi har ya daina kwasowa ya koma mai rura kumburi.

Haka kuma hawan lambar ba koyaushe albishir ba ne. A 2017 aka wallafa binciken mutum fiye da 116,000 a birnin Kofanhegan na Danmak, aka ga mace-mace sun fi yawa a gefe biyu, wato wajen masu ƙarancin HDL da wajen masu yawansa fiye da kima, maza daga kusan miligiram 116 zuwa sama, mata daga 135. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke ɗaga wannan lamba shi ne giya, kuma a kan haka aka daɗe ana yaɗa cewa kofi guda na ruwan inabi mai bugarwa yana gyara zuciya. Wanda addininsa ya hana shi ba ya buƙatar wata hujja, amma wanda wani aboki ya zo wa da wannan zance da sunan kimiyya ya san cewa binciken gado da aka yi kan mutum kusan rabin miliyan a ƙasar Sin, wanda ya fito a 2019, ya nuna giya tana ƙara hawan jini da shanyewar ɓarin jiki daidai gwargwadon yadda ake shanta, ba tare da wani ɗan ma'auni mai kariya daga shanyewar ba.

Yanzu mai kaifin hankali a cikinku zai ce, to shi ke nan, mun bar bautar lamba mun koma bautar aiki, ina tabbacin cewa wannan ma ba wani sabon ruɗi ba ne? Tambayar tana kan hanya, kuma akwai gwajin da ya ƙarfafa ta. A 2024 aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi kan mutum 18,219 da bugun zuciya ya same su kwanan nan, inda aka tace furotin ɗin HDL daga jinin masu ba da gudummawa aka yi musu ƙarinsa ta jijiya sau huɗu. An san wannan ƙari yana ɗaga ƙarfin kwasowa sosai. Bayan kwana 90, kashi 4.8 cikin 100 na waɗanda aka yi wa suka sake samun bugun zuciya ko shanyewar jiki ko suka rasu, kashi 5.2 kuma a ɗaya ɓangaren, bambancin da bai kai a kafa hujja da shi ba. Masu goyon bayan ra'ayin sun ce ƙari huɗu a cikin wata guda ba zai share tarin shekara talatin ba, wanda zance ne mai ma'ana, amma ba hujja ba ce. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne ƙarfin aikin HDL ya fi yawansa iya hango wanda zai kamu, amma gyara aikin da magani bai nuna yana ceton rai ba. Gwajin faranta ɗin ma na ɗakunan bincike ne, ba a yin sa a asibitin yau da kullum ko a Amurka. Saboda haka duk mai tallan wani shayi ko garin magani ko ƙwayar ƙarin abinci a Facebook ko WhatsApp, yana cewa kayansa na ƙara kolestarol mai kyau ko na wanke jijiya, ku tambaye shi da me ya auna. Abin da kamfanoni huɗu suka zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli suka kasa, ba ya cikin robar da ake sayarwa a bayan mota da lasifika.

Wani kuma zai ce duk wannan ciwon Turawa ne da attajirai da tsofaffi, me ya haɗa ɗan shekara ashirin da biyar a Kano ko Maraɗi da shi? Game da shekaru, a 1953 likitocin sojan Amurka suka wallafa abin da suka gani a zukatan sojoji 300 da aka kashe a yaƙin Koriya. Matsakaicin shekarunsu 22, majiya ƙarfi da aka tantance lafiyarsu kafin a ɗauke su, amma kusan kashi 77 cikin 100 an tarar da alamar tarin maiƙo a jijiyoyin zuciyarsu. Ciwon da ke kayar da mutum yana da hamsin tun yana saurayi ya fara gini. Game da launin fata kuwa, akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Mutanen Framingham na farko kusan duka farare ne, kuma a kansu aka yanka iyakokin nan na 40 da 50. A 2022 aka wallafa binciken Amurkawa 23,901, farare da baƙaƙe, da aka bi kusan shekara 10. Ƙarancin HDL ya hango ciwon zuciya a wajen farare, bai hango ba a wajen baƙaƙe, yawansa kuwa bai kare kowa ba a ɓangarorin biyu. LDL da tiragilisarayid ne suka hango haɗari ga kowa. Baƙin Amurka ba Bahaushe ba ne, abincinsu da rayuwarsu daban, amma wannan ya isa ya sa mu daina ɗaukar ma'aunin da aka gwada a jikin wasu tamkar saukakke. Namu binciken na gida ma akwai. A 2018 Farfesa Mayowa Owolabi da abokan aikinsa suka wallafa nazarin masu shanyewar ɓarin jiki 2,118 a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka kwatanta su da masu lafiya. Hawan jini ne ya zo kan gaba da tazara mai nisa, sai rikicewar maiƙon jini, tare da ciwon suga, da tumbi, da yawan cin nama, da barbaɗa gishiri a kan abinci, da ƙarancin cin ganye. Matashin da ya san lambar HDL ɗinsa amma bai taɓa miƙa hannu an auna masa jini ba ya bar abin da ya fi jawo wa mutanensa shanyewar ɓarin jiki.

Ba ina cewa a yi watsi da layin HDL ɗin ba ne. Idan ya yi ƙasa yana ba da labari, ko da ba shi ne mai laifin ba. Yawanci tare yake tafiya da tumbi, da hawan tiragilisarayid, da jikin da ya fara ƙin jin insulin, wato share fagen ciwon suga, da zaman wuri ɗaya, da taba. Idan maiƙon tiragilisarayid ya yi yawa, HDL kan yi musayar kayansa da shi, ya ƙanƙance, jiki ya yi saurin kawar da shi, shi ya sa lambar ke faɗuwa. Maganin abin shi ne a bi tushen. Wanda ya bar sigari, bayan shekara guda haɗarin ciwon jijiyar zuciyarsa kan sauka zuwa kusan rabin na mai sha, kuma shisha da ake yi wa kallon wayewa hayaƙin taba ce da gawayi, ruwan tulun ba ya tace ta. Tafiyar sauri ta minti 150 a mako, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara, ba ta ɗaga HDL sai da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma tana saukar da jini da suga da tumbi, kuma wannan ne amfaninta. Lemon kwalba safe da yamma da shayi mai cokali biyar na suga sun fi ƙwai ɗaga tiragilisarayid, duk da ƙwan ne ake tsoro. Batun mai kuma, rubutun nan na jikin jarka cewa babu kolestarol wayon talla ne kawai, domin kusan duk man da ya fito daga tsiro haka yake. Abin dubawa shi ne nau'in maiƙon. Kitse da man shanu da manja, wanda kusan rabinsa maiƙo ne mai daskarewa, suna ɗaga LDL fiye da man gyaɗa da na waken suya, mafi muni kuma man da aka daskarar a masana'anta don bota da biskit, wanda ke ɗaga LDL ya kuma saukar da HDL a lokaci guda. Zogale da rama da alayyahu, waɗanda wasunku ke yi wa kallon abincin ƙauye, suna cikin abin da binciken namu na gida ya nuna rashinsa na da haɗari.

Idan takarda ta zo hannunku, lissafi ɗaya ya fi muku amfani, kuma ba ya buƙatar kwamfuta. Ku ɗebe HDL daga jimilla, abin da ya rage shi ne kolestarol ɗin da ke cikin duk ƙunshin da ke iya maƙalewa a jijiya. Ga mai lafiya ana so ya kasance ƙasa da miligiram 130, ko 3.4 idan ɗakin gwajin da milimol yake rubutu. A ce jimilla 240 ce, HDL 70. Wani zai raba ya ce ai rabon ya yi kyau, alhali ɗebewa ta bar 170, kuma saba'in ɗin nan ba ta goge ko ɗaya daga ciki ba. A ɓangaren LDL hujja ba ta da tangarɗa irin ta HDL, domin gado da bin jama'a da gwajin magani duk bakinsu ɗaya. Tun 1994 gwajin mutum 4,444 a ƙasashen arewacin Turai ya nuna maganin sitatin ya rage mutuwa da kashi 30 cikin 100 ga masu ciwon zuciya, kuma haɗakar gwaje-gwajen da suka biyo baya ta nuna duk milimol ɗaya da aka sauke daga LDL na rage manyan cututtukan jijiya da kusan kashi ɗaya bisa biyar. Don haka idan likita ya rubuta wa mahaifinku wannan magani, kada ɗan ilimin da kuka tsinta a waya ya sa ku ce masa ai mai kyaun nasa yana da yawa, ya ajiye.

Akwai kuma rukunin da bai kamata su jira a aike su gwaji ba. Kimanin mutum ɗaya cikin 250 zuwa 300 ana haifarsa da nakasa a kafar da hanta ke janye LDL daga jini, kafar da Michael Brown da Joseph Goldstein suka gano har aka ba su kyautar Nobel a 1985. Irin wannan mutum tun yana goye LDL ɗinsa ke sama, ko siriri ne, ko ɗan ƙwallo ne, ko bai taɓa kusantar sigari ba, kuma kowane ɗa da ya haifa yana da rabin yiwuwar gado. Idan uwa da uba duka suna ɗauke da ita, abin da auren zumunci ke ƙara wa yiwuwa, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan kan iya samun nau'i mai tsanani wanda ke kawo bugun zuciya tun kafin shekara ashirin. Alamunta na fili su ne ƙullutu mai tauri a jijiyar agara ko a bayan gaɓoɓin yatsu, da farin zobe kewaye da baƙin ido ga wanda bai kai shekara 45 ba, ko da yake da yawa ba sa nuna komai. Duk wanda mahaifinsa ko yayansa ya yi bugun zuciya ko ya faɗi ya rasu farat ɗaya kafin shekara 55, ko mahaifiyarsa ko yayarsa kafin 65, ya je a ɗebi jininsa yanzu. Idan LDL ya kai miligiram 190, wato milimol 4.9, ya nemi likita ko nawa HDL ya nuna, ya kuma kai ƙannensa su ma a gwada su.